Ku Tashi Mu Ceci Kurmi, Mu Ceci Biri Mai Roro!

'Yan uwa maza da mata, ku tashi! Kurmi yana ƙarewa. Ana sare shi da zarto mai inji. Ana toya shi a yi gawayi. Ana cinna masa wuta da rani. A can ƙololuwar itatuwansa akwai wata halitta da ba ta da bakin kai kuka. Sunanta biri mai roro. Idan muka yi shiru, za ta tafi. Idan ta tafi, ba ta dawowa.

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Ku zo in siffanta muku shi. Jikinsa baƙi ne wuluk. Farin gashi ya zagaye fuskarsa. Wani dogon farin gashi ya sauko daga kafaɗunsa ta gefe biyu har gadon baya. Jelarsa doguwa ce, ƙarshenta da farin tukku. Idan ya yi tsalle daga reshe zuwa reshe, gashin nan ya buɗe a iska, sai ka ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Jaririnsa fari fat ake haifarsa, sai ya yi 'yan watanni kafin ya rikiɗe ya ɗauki launin uwarsa. Da asuba namijin yakan saki wani gurnani mai kauri, na wani garken ya amsa masa daga tsallaken kwari. Wanda ya kwana kusa da kurmin Gashaka ya san wannan murya.

Ga abin mamaki. Wannan biri ganye yake ci. Allah Ya yi masa ciki mai ɗakuna, irin tsarin cikin saniya. A ciki akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar masa da ganyen da sauran birai ba sa iya narkarwa. Tohon ganye shi ne tuwonsa. Yana haɗawa da ɗanyun 'ya'yan itace da ƙwayarsu. In ya ƙoshi sai ya zauna a reshe ya daɗe yana hutawa, cikinsa na aiki. Hannunsa yatsu huɗu ne, babban yatsan ya zama ɗan guntu ko babu shi sam, don haka yake saƙale reshe ya wuce da sauri. A sama yake ci. A sama yake kwana. A sama yake renon ɗansa. Ba kasafai yake taka ƙasa ba.

Na san abin da manomi zai ce. Zai ce, biri? Wanda ya cinye mini masara? Baba manomi, kukanka gaskiya ne. Ɓarnar biri tana da ciwo. Amma ka duba da kyau. Goggon biri ne ke shiga gonarka. Jan biri ne ke tone maka gyaɗa. Kirka ce ke satar dawa. Mai roro ba kasafai yake leƙa gona ba, domin abincinsa yana saman itace. Kada laifin wani ya hau kan wani. Kada ka ɗaga bindiga ga wanda bai taɓa maka komai ba.

A ina yake? Yana nan ƙasarmu. Yana gandun dajin Gashaka-Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, gandun da ya fi kowanne girma a Nijeriya. An ayyana shi gandun ƙasa a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A nan dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. A nan mai roro yake zaune da maƙwabtansa, biri mai ganga da baƙin biri da gimchiki. Yana nan a Kamaru. Yana Habasha da Kenya da Yuganda. Masana suna kiran danginsa kolobus. Wasu baƙi da fari ne, wasu ja, wasu launin ganyen da ya fara bushewa. Suna da 'yan uwa a nahiyar Asiya, masu cin ganye irinsu: birin langur na Indiya, da birin nan mai dogon hanci na tsibirin Borneo. Duk inda suke, kukansu ɗaya ne. Ana sare musu gida.

Ku saurara, 'yan uwa, domin abin ya riga ya faru a maƙwabta. A dazuzzukan iyakar Gana da Kwaddibuwa akwai wani jan kolobus da ake kira na Waldron. Rabon da masana su yi masa tabbataccen gani tun 1978. Aka nema. Aka sake nema. A shekarar 2000 masu bincike suka sanar cewa da alama ya ƙare a doron ƙasa. Har yau ana bin wani daji mai fadama a Kwaddibuwa da fatan ko kaɗan sun tsira. Me ya cinye shi? Gatari da bindiga. Ba annoba ba ce ta sauko. Hannun ɗan Adam ne.

Ku dubi kudancin ƙasarmu. A dazuzzukan fadama na Bayelsa akwai wani jan kolobus da babu shi ko'ina a duniya sai can. Masana ba su san da shi ba sai a 1993. Tun ba a gama saninsa ba ya kama hanyar ƙarewa. Yau a ƙiyasin da ake yi, 'yan ɗaruruwa ne suka rage. A gandun Kuros Riba, da gandun Korup na Kamaru da ke maƙwabtaka da shi, akwai wani jan kolobus ɗin, shi ma yana bakin rami. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su duka biyu a jerin waɗanda haɗarinsu ya kai matuƙa. A 2021 aka fitar da shiri na musamman don ceto jan kolobus a faɗin Afirka, domin a duk biran nahiyar nan babu dangin da ya kai su shiga uku.

Me ya sa su ne ke fara ƙarewa? Saboda suna yawo garke-garke. Saboda suna da surutu. Saboda in sun ga mafarauci ba sa saurin gudu, sai su tsaya a sama suna kallonsa. Mutum ɗaya da bindiga ɗaya yana iya zubar da da yawa a yini guda. Ga shi uwar ɗa ɗaya take haifa, sai kusan shekara biyu ta sake. Abin da aka kashe a mako ɗaya, shekaru ba sa mayar da shi. Jan kolobus kuma ba ya rayuwa a keji. Ba za a ce a ajiye shi a gidan namun daji a yi ta hayayyafa ba. Kurmi ne kaɗai gidansa. Babu kurmi, babu shi.

Mai roro namu na Gashaka bai kai wannan hali ba tukuna. Alhamdu lillahi. Amma Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗan uwansa baƙi da fari na Gana da Benin da Togo yawa gare shi a da. A ƙarshen ƙarni na 19 an yi ta loda fatunsa a jiragen ruwa zuwa Turai, dubu bisa dubu, don a yi wa mata kwalliya. Daga baya saran daji da farauta suka ɗora. Yau shi ma yana jerin waɗanda haɗarinsu ya kai matuƙa. Yawa ba ya hana ƙarewa. Yanzu ne lokacin tashi, tun da sauran dama.

Kada wani ya ce, ni ina Kano, ni ina Maraɗi, ni ina zangon Kumasi, ina ruwana da birin Taraba? Da ruwanka, ɗan uwa! Da ruwanki, 'yar uwa! Kurmin da mai roro ke kwana a ciki shi ne ke rufe bakin rafi. Saiwar maɗaci da ɓaure da malmo ita ke riƙe gaɓa. Inuwarsu ita ke hana ƙorama ƙafewa da rani. Daga duwatsun Gashaka koguna ke gangarowa su faɗa kogin Taraba, shi kuma ya faɗa Binuwai. Wannan ruwa shi ke shayar da shanu. Shi ke ba da kifi. Shi ke raya noman rani. In aka aske tudu, ruwan sama ba ya tsayawa ya nutse. Gudu yake yi ya kwashe ƙasa, ya cike kogi da yashi. Da damina ambaliya, da rani ƙishirwa. Mun ga ambaliyar 2012. Mun ga ta 2022. Dalilanta suna da yawa, amma tudun da aka tuɓe wa itatuwa ƙara wa ciwon zafi yake yi.

To ku gane. Duk kurmin da ka ji gurnanin mai roro a ciki, kurmi ne mai rai. Manyan itatuwansa na tsaye. Rassansa na haɗe. Ruwansa na gudana. Ranar da muryar ta ɗauke, ka san an fara cin kurmin. Bayan birin, sai inuwa. Bayan inuwa, sai ruwa. Bayan ruwa, sai mu.

Su wa ke cin kurmin? Mu faɗa wa juna gaskiya. Mun ga abin da aka yi wa maɗobiya a Taraba, itacen da 'yan katako ke kira madrid. Manyan motoci suka yi ta jigilar gungumensa zuwa tashar jiragen ruwa, a wuce da shi ƙasar Sin. Sai da aka sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta CITES, aka kuma dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. Kuɗin ya tafi da 'yan kaɗan. Kututture aka bar wa mutanen ƙauye. Hanyar da motar katako ta buɗe kuma ita mafarauci ke bi. Ita mai toya gawayi ke bi. Ita mai haƙar zinare ke bi. Buhunan gawayin da ke jibge a bakin titi, daga ina suka fito? Wa ke saye? Mu ne. A murhunmu suke ƙarewa.

Amma kada gwiwa ta yi sanyi. Akwai waɗanda suka tashi, kuma suka ci nasara. Ku je ƙauyukan Boabeng da Fiema a Gana, kusa da Nkoranza. Mutanen nan sun gaji kare biransu daga kakanni. Da suka ga al'adar na neman raunana, sai aka yi dokar yanki a 1975 ta hana kashe su. Yau baƙin kolobus mai farin gemu yana zaune a itatuwan da ke kewaye da gidajensu. Ya ƙaru a can alhali yana ƙarewa a wasu wurare. Baƙi na zuwa kallo daga ƙasashe, kuɗi na shiga gari. Aƙidarsu tasu ce. Darasin kuwa na kowa ne: in gari ya ce a'a, bindiga tana yin shiru.

Ku je Apoi a Bayelsa. Wata 'yar ƙasarmu, Rachel Ikemeh, ta yi shekaru tana zama da mutanen garin, ita da abokan aikinta. Aka tattauna, aka amince. Jama'a da kansu suka keɓe dajinsu kimanin hekta 1,000 don jan kolobus. 'Ya'yan garin ne ke sintiri a cikinsa. Ku je tsibirin Zanzibar, dajin Jozani. Jan kolobus ɗin can, wanda yawansa bai kai 6,000 ba a ƙidayar da aka yi, ya zama abin alfaharin tsibirin, kuma ƙauyukan kewaye suna samun kaso daga kuɗin masu ziyara. Su mutane ne. Mu ma mutane ne. Abin da suka yi, za mu iya.

To me za mu yi? Kowa da nasa. Ku saurara, kowa ya ɗauki rabonsa.

Baba mafarauci, da kai zan fara. Kai ka fi kowa sanin daji. Ka san inda suke kwana. Ka san itacen da suke so. In ka hango fari da baƙi a sama, sauke bindigarka. Sarkin baka, tara yaranka. Ka kafa musu doka: ba a harbin mai roro, ba a harbin uwa mai goyo, ba a shiga gandun gwamnati da makami. Maganarka ta fi takarda ƙarfi a wurinsu. Ka sani kuma dokar ƙasa ta 1985 mai kare dabbobin da ke cikin haɗari ta hana farautar dangin kolobus da cinikinsu. Saninka na daji dukiya ce. Masu gandu na neman irinka a aikin sintiri. Masu bincike na neman jagora. Ka ci abinci da saninka ba tare da zubar da jini ba.

Ɗan kasuwa, kada ka saya. Direba, kada ka ɗauka. Wasunmu ba sa cin naman biri, amma suna dakonsa a ƙyafe zuwa kasuwannin da ake ci. Wanda ya harba da wanda ya loda duk hannunsu na ciki. In aka kawo maka fata fari da baƙi don ado ko don magani, ka ce ba ka so. In aka kawo maka jaririn biri a kwali, ka tuna sai da aka kashe uwarsa kafin a ɓamɓare shi daga ƙirjinta. Ka tuna kuma cikinsa na ganye ne. Burodi da ayaba kumbura shi za su yi ya mutu a hannunka. Kada ka saya don tausayi. Kuɗinka ne zai sa a koma a harbo wata uwar. Ka sanar da jami'an gandun daji.

Ardo, da ku 'yan uwanmu makiyaya, kurmi naku ne kafin na kowa. A nan kuke shayarwa idan ko'ina ya bushe. In za ku sassabe wa shanu ganye, ku yanki reshe ku bar itacen da rai. Kada a yi masa kwal-kwabo. Kada a cinna wuta a ƙarshen rani a bar ta ta faɗa kurmi. Ku zauna da masu gandu a shata burtali, a san inda za a bi da inda za a bari.

Manomi, bar wa rafi rigarsa. In za ka yi sabon sheme, tsaya nesa da gaɓa. Bar layin itatuwa a kowane gefe. Kada ka yanke inda rassa suka haɗu, domin nan ce gadar mai roro. In za ka ƙone gona, yi mata shinge na share ƙasa tukuna, ka tsaya a kai har ta mutu. Toho da ya fito da kansa a gonarka, zaɓi mai kyau ka rene shi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi haka, suka mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu ba tare da jiran kowa ba.

Iyayenmu mata, murhu a hannunku yake. Mun san tsadar rayuwa. Mun san ba don so ake shan hayaƙi ba. Amma murhu mai tsimin itace yana rage abin da ake ƙonawa. Rufe tukunya yana ragewa. Jiƙa wake kafin a ɗora yana ragewa. Kashe garwashi bayan girki yana ragewa. Mai hali ya saya wa gidansa tukunyar gas. Ƙungiyoyin mata, ku sa murhu a cikin adashinku. Buhu ɗaya da aka fasa saye, itace ne ya tsira.

Malamai, limamai, fastoci, mumbari naku ne. Ku tuna mana cewa ƙasa amana ce. Ku tuna mana cewa ɓarna a bayan ƙasa laifi ne, tausayin dabba kuma ibada. Ku tuna mana ladan wanda ya dasa itace har tsuntsu ya ci. Huɗuba ɗaya tana isa inda jami'i ba ya isa.

Malamin makaranta, nuna wa yara hoton mai roro. Faɗa musu na ƙasarsu ne. Kai su Serti, hedikwatar gandun Gashaka-Gumti, su gani da idonsu. Kowane aji ya dasa itace, ya kuma shayar da shi har ya kama. Dasawa ba ta isa ba, sai da reno.

Matasa, waya na hannunku. Ku yaɗa wannan kira a WhatsApp da Facebook da TikTok. Ku yi shi da Hausa. Ku yi shi da Fulatanci. In kun ga motar gungume ta fito daga gandu, ku kai rahoto. In kun ga ana tallar biri, ku yi magana. Ku kafa ƙungiyar kare kurmi a garinku. Ku ɗauki rafi ɗaya ku ce wannan namu ne, ba mai taɓa shi.

Iyayen ƙasa, Allah Ya ja zamaninku. Sarakuna, hakimai, dagatai, masu unguwanni, ku ne ke ba da ƙasa. Ba a shiga dajin gari da zarto ba da saninku ba. Ku keɓe kurmin gari. Ku sa masa iyaka. Ku yi shela a kasuwa. Kada kuɗin goro na yini ɗaya ya sayar da inuwar jikoki. Ku kuma wakilanmu a majalisa da gwamnatocin jihohi, ku biya masu gadin daji haƙƙinsu. Ku ba su kayan aiki. Suna kwana a jeji, suna fuskantar masu makamai, saboda dukiyar da ta mu duka ce. Ku hukunta babban dillali, kada a tsaya kan talaka mai gatari. Mu kuma masu ƙuri'a, mu tambaye su: me kuka yi wa dajinmu?

'Yan uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mafarauci shi kaɗai ba zai iya ba. Sarki shi kaɗai ba zai iya ba. Amma in mafarauci ya sauke bindiga, direba ya ƙi lodi, uwa ta rage gawayi, manomi ya bar gaɓa, sarki ya shata iyaka, wallahi kurmi zai tsaya. Itacen da ya shekara ɗari yana girma, zarto na kayar da shi kafin a sha shayi. Saboda haka ba mu da lokacin jira.

Kada ka ce sai gobe. Yau ka faɗa wa mutum ɗaya. Wannan makon ka je wurin mai unguwa. Wannan damina ka dasa itace a bakin rafi, ka kewaye shi da ƙaya. Ka ƙi fata. Ka ƙi nama. Ka ƙi jaririn biri. Ka kashe wutar daji tun tana ƙarama. Ka tsaya wa mai gadin daji. Ka kira maƙwabcinka, shi ma ya kira nasa.

Ku tashi, mutanen Taraba da Adamawa! Ku tashi, mutanen Kano da Sakkwato da Damagaram! Ku tashi, 'yan zango a Gana da Kamaru! A bar kurmi ya tsaya. A bar ruwa ya gudana. A bar mai roro ya rayu. Allah Ya ba mu ikon riƙe wannan amana. Mu fara yau!